Layin Rijiyar Awali

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo Madina daga Kano karatun shekara huɗu, ya yi tara bai gama ba. A jami'ar Musulunci yake, a masaukin ɗalibai yake kwana, amma cikinsa a gidanmu yake, a unguwar Sih. Babu maganar da za a ɗago a gidan nan bai sa baki ba. Ciwon haƙori, gyaran rediyo, yadda ake dafa shinkafar kabsa, duk yana da ƙauli a kai. Mai tumatir a kasuwa sai ya yi masa Larabcin littafi, har mutumin ya waiga ya ga ko da wani ake. Mu da aka haifa a garin yana gyara mana Larabci, in mun koma Hausa don mu huta ya ce Hausarmu ta Takari ce, ba ta da gishiri. Inna kuwa in ya buɗe baki har ludayi take ajiyewa ta saurara.

Ni a lokacin shekarata sha tara, na gama makarantar horon malamai mata, ina koyar da lissafi a firamaren 'yan mata. Ana gab da shiga shekara ta dubu ɗaya da ɗari huɗu ta Hijira. Yara suna kirana Abla, kamar yadda ake kiran kowace malama a can. Kawu ma Abla yake ce mini, amma shi sai ya ja ta, ya lanƙwasa, ta fito kamar zagi. A wajensa duk lissafin da ya wuce na rabon gado ɓata alli ne. Ba na son sa, shi ma ya san haka.

Baba yana yaro iyayensa suka taho da shi a ƙasa, ta Cadi da Sudan, suka yi Hajji suka zauna. Shekara talatin ya yi yana aiki a gonar dabinon wani mutumin Madina a Awali, yankin gonaki a gefen garin. Shi ne hawa, shi ne sa wa macen dabino garin namiji, shi ne sassabe da ban ruwa da yankan nono in ya nuna. Tafin ƙafarsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa. Da ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya tattara abin da ya tara ya sayi wata 'yar gona can ƙarshen Awali, mai katangar ƙasa, da tsofaffin dabinai shida da rijiya ɗaya. Maigidansa, don sallama, ya ce ya ba shi 'ya'yan dabinon ajwa arba'in, ya zo ya cire ranar da ya shirya.

Wanda bai san dabino ba zai ce arba'in ai ba wani abu ba ne. Ajwa ba a shuka ta da ƙwallo. Ɗan da ya tsiro a gindin uwa ake sarowa da ƙarfe, a can ana ce masa fasila, kuma uwa ba ta ba da su da yawa a duk rayuwarta. In an saro shi sai a dasa cikin kwanaki. Kwana arba'in na farko kullum sai ya sha ruwa, bazara biyu na farko kuma ba a yi masa wasa. Kyauta irin wannan sau ɗaya ake yi wa mutum. Baba ya haura sittin, kuma ya san ba zai sake samun wata ba.

Rijiyar ce damuwarsa. A shekarun nan kowa a Awali ya sa injin ban ruwa, wanda muke kira makina, kuma ana ta raɗe-raɗin cewa rijiyoyin wancan gefen suna ja da baya. Baba mutum ne da zai leƙa rijiya ya gaya maka lafiyarta, amma wannan mai gonar na da ya zurfafa ta da bututu, ya rufe bakinta da kankare, ya bar 'yar kafa da hannu ma ba ya shiga. Makina tana kawo ruwa, shi ke nan abin da ido ke gani. Akwai kuma amininsa, wani Bahaushen Cadi mai rijiyar burtsatse a tsakiyar Awali, wanda ya ce ya kawo 'ya'yan a dasa a gonarsa, in sun girma a raba biyu. Baba ba ya so. Ya gaji da shayar da itacen da ba nasa ba. Amma ya ce in har ruwan rijiyarsa tafiya yake, gara rabi a raye.

Ana cikin haka ya tsinci wata takarda a wani akwatin gwangwani a ɗakin makina. Wani makanike ɗan Pakistan ne ya zana ta, wanda yake duba wa mai gonar na da injin. Duk wata in ya zo sai ya zura awo ta kafar nan, ya ɗiga a takarda mai gida-gida, har shekara ta zagayo, ya haɗa ɗige-ɗigen da jan biro. Mutumin ya koma ƙasarsu. Mai gonar kuma ya koma Jidda, kuma ko yana nan ba na jin ya taɓa kallon takardar.

Ranar Juma'a bayan la'asar muna gonar a ƙarƙashin rumfa, Inna tana zuba shayi, Baba ya fito da ita daga aljihu ya shimfiɗa a kan tabarma. Kafin in miƙa hannu Kawu ya riga ni. Ya goge tabarau, ya yi gyaran murya, ya ɗora yatsa a gefen dama na takardar, inda jan layin yake can sama, ya biyo shi a hankali zuwa hagu, inda ya sauko ƙasa.

Ya ce, "Alhaji, ai magana a fili take. Ga shi ya faro daga sama yana gangarowa. Ruwan nan sauka yake. Ka kai 'ya'yanka wajen mutumin Cadi."

Na ga fuskar Baba ta faɗi. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni, don na ga abin da na yi shekaru ina jira. Malamin malamai ya karanta takardar Bature daga dama, kamar yana karanta Ahalari.

Na ce, "Kawu, daga ina ka fara?"

Ya ce, "Daga inda ake fara duk karatun kirki, Abla."

Na karɓi takardar. Irin wannan zane na koya a makaranta, na kuma koyar. Na juya ta wajen Baba na nuna masa lambobin da ke jere a ƙasa.

Na ce, "Shuf, Baba, duba nan. Waɗannan watanni ne. Ga ɗaya a hagu, ga sha biyu a dama. Wanda ya zana daga hagu yake rubutu, don haka daga hagu ake bi. Kawu ya faro daga ƙarshen shekara ne ya dawo farkonta. In haka ake karatu, to tsoho ma kullum ƙara yarinta yake."

Inna ta ce, "Ke, kawunki ne fa."

Ban ko kalle ta ba. Na ɗora yatsa a hagu na bi layin. Wata biyu na farko a kwance yake, na ce nan ruwa bai ƙaru ba bai ragu ba. A wata na huɗu ya ɗan yi ƙasa. Daga nan ya miƙe sama, daga na shida zuwa na tara har da gaggawa, sannan ya ci gaba da hawa a hankali har ƙarshe. Na yi bayanin kwanciya, na yi bayanin tsayuwa, na ce inda layi ya fi miƙewa nan abu ya fi saurin ƙaruwa. Duk wannan daidai ne, ko yau aka tambaye ni haka zan faɗa.

Na ce, "Layi hawa yake, Baba. Ruwanka ƙaruwa yake."

A gefen hagu na takardar, a tsaye, akwai lambobi, kuma kusa da su makaniken ya rubuta kalma uku da Turanci. Turancina na makaranta ne, ɗan kaɗan. Ta ƙarshe na gane ta, ruwa ce. Ta tsakiya 'yar ƙarama ce. Ta farko ban taɓa ganinta ba. Idona ya sauka a kanta, na ɗaga kai na ga Kawu yana kallona ta saman tabarau, sai na tsallake ta.

Baba bai iya karatun boko ba, amma ba wawa ba ne. Ya daɗe yana kallon jan layin.

Ya ce, "Bara an yi ruwa mai yawa bayan mun gama sa wa dabino gari. Kwari ya kawo, duk rijiyoyin Awali suka tashi. Nuna mini wurin a nan."

Na san lokacin da yake nufi, wajen wata na huɗu ne. Kuma a wata na huɗu layin ƙasa ya yi. Yarinyar aji biyar da ta ga haka za ta tsaya ta sake tunani. Ni Abla ce, ban tsaya ba.

Na ce, "Watannin Nasara ne, Baba, ba sa zuwa daidai da namu. Ruwan saman naka yana cikin hawan nan."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce ko dai gobe ya biya da takardar ta shagon masu sayar da makina, akwai 'yan Indiya a wurin, su duba.

Na ce, "Ina gidan nan za ka kai wa bare takarda? Me aka kai ni makaranta in yi?"

Kawu ya ce shi dai ya faɗi abin da ya gani, kuma wanda ya bi mace a sha'anin noma ya san inda za shi. Da wannan maganar ya gama taimakona, don Baba ba ya son a taɓa ni. Baba ya naɗe takardar ya ce, "Halas, an gama. A nan za a dasa."

Na koma gida ranar kaina ya kumbura. Na ba wa ƙawayena labari a ɗakin malamai, har da kwaikwayon gyaran muryar Kawu, muka yi ta dariya.

Cikin mako guda aka saro 'ya'yan. Baba da kansa ya haƙa ramukan, ya ƙi yarda kowa ya taya shi jera su. Kowanne ya naɗe masa kai da busasshen ganye saboda rana, ya yi masa 'yar kwatar ruwa a gindi. In makina ta tashi sai ya bi ruwan da ƙafa daga rami zuwa rami, hannu a baya. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta kwanakin nan ba. Ya fara lissafa wanda zai ci na wane layi a cikin jikokin da ba a haifa ba. Amininsa na Cadi ya zo ya gani, ya yi addu'a, ya tafi.

Kalmar nan dai ba ta bar ni ba. Na riƙe haruffanta a ka. Bayan kamar mako uku, wata rana a makaranta na ga ƙamus a kan teburin wata malama 'yar Masar, ba kowa a ɗakin, na buɗe. Zurfi. Kalma ukun suna cewa zurfi zuwa ruwa. Makaniken ba yawan ruwa yake aunawa ba. Nisan da ke tsakanin bakin rijiya da fuskar ruwa yake aunawa, wato tsawon igiyar da zai zura kafin ta jiƙe. In layi ya hau, igiya ta ƙara tsawo, ruwa ya ƙara nisa. Wata na huɗu da layin ya yi ƙasa, nan ne ruwan saman Baba, ruwa ya taso, igiya ta gajarta. Miƙewar nan ta wata shida zuwa tara da na yi ta yabawa, bazara ce take shanye rijiyar. Kuma bayan bazarar ma bai dawo ba.

Na zauna a kujerar 'yar Masar. Abin da ya fi ƙona mini rai a wannan minti, Allah ya yafe mini, ba 'ya'yan dabinon ba ne. Kawu ne. Ya karanta daga dama, kuskure. Ya ɗauka layin yawan ruwa ne, kuskure na biyu. Kuskuren farko ya juya takardar, na biyu ya sake juya ta, sai ga shi tsaye a kan gaskiya bai san ta inda ya biyo ba. Ni na gyara ɗaya na bar ɗaya, na faɗa rami da dukan iyawata.

Da na je na faɗa wa Baba a ranar, mako uku kacal da dashe, saiwa ba ta kama sosai ba, wataƙila da an tone su an kai gonar mutumin Cadi an ceci rabi. Na san haka a lokacin, ba yanzu na sani ba. Amma faɗa wa Baba yana nufin Kawu zai ji. Na ce wa kaina ai bara ce aka auna, bana daban. Na ce wataƙila a yi ruwa. A Madina, ana shiga bazara, mai koyar da lissafi ta zauna tana jiran ruwan sama. Na yi shiru.

Zafi ya shigo da ƙarfinsa. Makina ta fara tari, ta kawo ruwa ta kawo iska. Da farko sai ta yi awa biyu kafin ta shaƙe, daga baya awa ɗaya, daga baya abin da take kawowa ba ya kaiwa layi na uku. Baba ya shiga sayen ruwan tanka, wanda a can ake kira wayit, amma hanyar gonar ba ta da kyau, direbobi suna zuwa yau su ƙi gobe. Ya koma ɗiba da bokiti daga ɗan abin da ya taru a kwarmin siminti, yana raba musu kamar magani. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Kullum in ya dawo ni nake zuba masa ruwan wanke hannu.

Daga ƙarshe ya kira wani makanike ɗan Indiya ya ƙara wa bututu tsawo. Ranar Juma'a ce, duk muna gonar. Mutumin ya zura awonsa, ya girgiza kai, ya ce ko an ƙara bututu dutse za a tarar. Baba ya ɗauko takardar ya miƙa masa. Kallo ɗaya ya yi mata. Ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya saukar da ɗaya ƙasa, ya ce da guntun Larabcinsa, "Layi fog, moya tahat." Layi sama, ruwa ƙasa. Ya ƙara da cewa duk wanda ya ga wannan takarda ai ba zai dasa ko albasa a nan ba.

Kawu bai yi ihu ba, ya fi ƙarfin haka. Tabarau ya cire, ya goge, ya ce, "Alhamdu lillahi da ban yi shiru ba ranar." Daga wannan rana har ya koma Kano, shekara uku bayan nan, babu zaman da bai ba da labarin ba. A bakinsa labarin ya zama hujjar cewa komai daga dama ake karanta shi, har zanen Nasara, kuma ilimin 'yan mata na zamani iyakarsa allo. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin nuna masa cewa sau biyu ya yi kuskure. Ya juya ga mutanen da ke wurin ya ce, "Kun ji. Ni na yi kuskure biyu na faɗi daidai, Abla ta yi ɗaya ta kashe gona." Aka yi dariya. Har ya rasu yana ganin ya iya karanta zane. Ban taɓa sanin mutumin da ya yi rashin sani irin nasa ya kuma ci riba da shi haka ba, kuma har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Ana gane ɗan dabino ya mutu ne ta zuciyarsa, wato sabon ganyen da ke tsakiya. In ka ja shi ya riƙe, da rai. In ya zaro a hannunka, gindinsa baƙi yana wari, an gama. Ƙarshen bazara Baba ya ce in raka shi gona, ni kaɗai. Ya bi layi yana ja, ina biye. Yana zarowa yana ajiyewa a gefen ramin, a hankali, ba ya jefarwa. A layi na biyu ya tsaya, bai juyo ba.

Ya ce, "Ya binti, 'yata, rubutun nan na gefe. Ran nan kin san shi?"

Na ce, "A'a."

"Daga baya fa?"

Da na ce a'a da ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Na ce, "Na sani. Bayan dashe da mako uku."

Ya tsaya da ganyen a hannu. Na ga yana lissafi, irin nasa na manomi, na saiwa da kwanaki, kuma na ga lokacin da ya kai ga amsa. Na jira ya zage ni, na so ma ya zage ni. Sai ya sunkuya ya ajiye ganyen, ya matsa rami na gaba. Biyu ne suka riƙe a cikin arba'in, su ma ba su kai bazara ta biyu ba.

Bai gaya wa Inna ba, bai gaya wa Kawu ba. Gonar ta zauna haka, babu mai sayen ƙasar da ba ruwa. Da kaka ta zo ya je wajen tsohon maigidansa ya nemi aikinsa na da. An riga an ba wa wani, sai dai aikin yini in ana bukata.

Motar da ke ɗaukar malamai mata zuwa makaranta tana bi ta wata mahaɗa a bakin unguwarmu, inda leburori ke tsayuwa da sassafe suna jiran a-kori-kurar masu gonakin Awali. Samari ne 'yan Yaman da 'yan Pakistan, sai tsoho ɗaya baƙi da igiyar hawa a kafaɗa. Tagoginmu da labule, amma akwai 'yar tsaga a inda nake zama. Ya san motar. Kullum in mun zo wucewa sai ya juya baya ya yi kamar yana gyara igiyarsa, don kada abokan aikina su gane mahaifin Abla ne. Shekara shida ya yi yana tsayuwa a wurin.